Duwatsun da Lachie Ya Jera

"Wannan ba Effie ba ce," in ji Baba Lachie.

Muna tsakiyar tsohuwar maƙabarta, iska tana neman fizge takardar da ke hannun Malam Hector, ni kuma na riƙe keken da muka turo tsohon a ciki gam, kada ya gangara da shi rafi. Hector ya sauke tabarau, ya dubi dutsen, ya dubi taswirarsa, sannan ya dube ni kamar ni na yi maganar.

"Baba Lachie, layi na huɗu, dutse na shida. Matarka ce. Kai da bakinka ka faɗa mini bara, ka kuma maimaita a watan Maris."

"Na faɗa."

"To?"

"To ba ita ba ce."

Mu a Kilrennan ba ma rubutu a kan kabari. Kowane gida yakan ɗauko dutse daga gonarsa ya kafa wa mamacinsa, shi ke nan. Kakata takan ce rubutu na wanda ba shi da kowa ne. Duwatsu sittin da uku muke da su a tsohuwar maƙabarta, sannan muna da Lachie Bain, maƙwabcina na jikin katanga, wanda ya shekara arba'in da biyar yana haƙa kabari da kaɗa ƙararrawar coci. Shi ne littafinmu. In jikokin waɗanda suka yi ƙaura suka zo daga Kanada da kyamara a wuya suna neman kakan kakansu, ƙofarsa ake nuna musu, ya ɗauki hula ya kai su gaban dutse, su yi kukansu su tafi.

Da Lachie ya haura tamanin da huɗu ne Hector Munro, tsohon hedimasta kuma shugaban ƙungiyar tarihin ƙauyenmu, ya ga ya kamata a kwashe abin da ke cikin kan tsohon kafin a makara. Ƙungiyar mutum shida ce, ni ce sakatariya, don na shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu kuma babu rubutun kazar da ba na iya karantawa. Shekara uku muka yi muna wannan taswira. Har an ba da aikin allon da za a kafa a bakin ƙofa. Ranar nan mun zo ne kawai mu yi dubawar ƙarshe.

"Sanyi ne ya kama shi," Hector ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Mai da shi gida, Ishbel."

"Kunnena dai bai mutu ba, Malam," in ji tsohon.

Na mai da shi gida, na zaunar da shi gaban murhu, na dafa shayi. Ya riƙe kofin da hannu biyu bai sha ba.

"Dolina," ya ce.

"Ishbel ce, Baba Lachie. Dolina mahaifiyata ce."

"Na sani. Rufe ƙofar nan."

Ƙofar a rufe take, amma na tashi na sake taɓa ta don hankalinsa ya kwanta.

"Kin tuna shekarar da fasto ya sayo injin yankan ciyawa?"

"Ina yarinya."

"Sittin da takwas. Ciyawa ta kai ƙugu, ba ka ganin dutse sai ka yi tuntuɓe da shi. Maza duk sun tafi aikin madatsar ruwa. Da na sare ciyawar sai ga duwatsu a warwatse kamar tumaki, wannan nan, wancan can. Fasto ya zo ya duba, ya ce inji ba ya son kwana. Ya ce, Lachie, daidaita su." Ya kurɓi shayin. "Kwana tara na yi da baro."

Na ajiye nawa kofin.

"Kana nufin ka matsar da su?"

"Na jera su. Layi shida. Kowa ya ce wuri ya yi kyau."

"Ba wanda ya gane?"

"Wa zai gane? A lokacin mata ba sa bin gawa zuwa bakin kabari, kin sani. Mazan da suka dawo, wanda ya yi tsaye yana waige-waige sai in ce masa miƙar da shi kawai na yi, yana wurinsa. Mutum yana so a ce masa haka ne."

"Har da na Effie?"

"In na bar nata, ai sai ya fita daga layi. Kowa ya gani."

"Waɗanda ka binne daga baya fa? Waɗanda suka ce a sa su tare da matansu?"

"Goma sha ɗaya." Ya shafa gwiwarsa. "Babu wanda ya dawo ya kai ƙara."

Na so in yi dariya, na so in kwaɗa masa cokalin da ke hannuna. Tun da aka buɗe sabuwar maƙabarta a bakin hanya, ba a ƙara kai kowa tsohuwar ba sai wanda mijinta ko matarsa ke jiransa a can, a buɗe kabarin a ɗora shi a kai. Wato maza da mata goma sha ɗaya wannan bawan Allah ya kwantar da mazan wasu da matan wasu, ya kaɗe hannunsa ya je ya kaɗa ƙararrawa.

"Na mahaifiyata fa?"

Ya juya yana kallon taga.

"Dolina ba ta yi nisa ba."

"Taku nawa?"

"Ba nisa." Sai ya kamo wuyan hannuna, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. "Ishbel, kada ki bari su sa ni a layi na huɗu. In ban manta ba tsohon Rory Ross ne a ƙasan nan, ko da rai ba mu jitu ba. Wajen Effie nake so. Ki yi mini alkawari."

Haushinsa nake ji har wuya. Abin da ya yi wa mutum goma sha ɗaya shi ne yake roƙona kada a yi masa. Amma mutumin nan shi ya riƙa gyara mini rufin gida duk shekara tun da mijina ya rasu. Na ce na yi alkawari. Bai fi minti biyar ba ya tambaye ni ko an tatsi saniya. Saniyar da aka sayar shekara talatin da suka wuce.

To wanne zan kama? Nas ɗin da ke zuwa duba shi ta ce kada in riƙe maganarsa, a irin wannan hali mutum yakan haɗa mafarki da jiya. Ni ma na so in yarda da ita. Sai dai baro da kwana tara ba su yi mini kama da mafarki ba.

Ranar Litinin na tambaye shi inda Effie take. Ya ce taku tara daga ƙofar rusasshen coci, ka fuskanci teku. Na je na taka, na ƙare a kan hanyar da ake bi da gawa. Ranar Laraba ya ce a'a, goma sha biyu ne daga gindin bishiya. Bishiyar guguwa ta kayar da ita tun ina raba wasiƙu, ko kututturen babu. Ranar Alhamis ya ce wace Effie. Kuma ko da lissafin ya yi daidai, takun wa? Na Lachie mai shekara arba'in, dogo kamar sandar ƙararrawa, ko nawa, ni da ba na kaiwa saman kabad sai da kujera?

A can Hector ya same ni cikin yayyafi, ina ɗaga ƙafa ina ƙirgawa.

"Ishbel Gunn, rawa kike koyo a maƙabarta?"

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya cika. Na faɗa masa duka. Ya tsaya ruwa yana ɗiga daga bakin hularsa.

"Shekara uku," ya ce. "Shekara uku nake bin tsohon nan da littafi."

"Ni shekara arba'in da bakwai nake kai wa dutse fure."

"Ruɗewa ce. Ba zan soke allo saboda mutumin da ke neman saniyar da ta mutu ba."

"Sayar da ita aka yi."

"Ishbel!"

Rhona, 'yar Lachie tilo, ta iso daga Glasgow da yammacin ranar. Mace ce mai shekara hamsin da biyar, ba ta da yawan magana, tana zuwa sau biyu a shekara ta wanke labule ta koma. Na yi niyyar faɗa mata, na ga yadda ta gaji, na ce sai gobe. Washegari da hantsi ya sha kunu cokali uku, ya ce gishiri ya yi kaɗan, ya nemi a juya masa kujera wajen taga. Rhona ta je ɗauko gishirin. Kafin ta dawo ya tafi.

Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kukan tsoro ne, don littafin ya rufe da alkawarina a ciki.

Da rana muna zaune a kicin ɗinsa, ni da Rhona da Hector, maƙwabta sun kawo miya da burodi sun cika tebur. Rhona ta ce ta yi waya da Struan mai haƙa kabari, zai buɗe na mahaifiyarta ranar Litinin.

"Layi na huɗu, dutse na shida," in ji Hector, yana kallona ta saman tabarau.

Na ce, "Rhona, akwai maganar da babanki ya bar mini."

Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta tashi ta hau wanke kofunan da aka riga aka wanke.

"Ina da shekara takwas ya kama hannuna ya kai ni gaban dutsen nan," ta ce, bayanta gare mu. "Ya ce, ga mamanki. Yanzu kina gaya mini Rory Ross na yi ta ba labarin makarantata?"

"Ban sani ba, Rhona. Wallahi ban sani ba."

"To me kike so in yi? In sa a tone maƙabarta duka?"

"Ya ruɗe ne a ƙarshe," in ji Hector a hankali. "Kada ki sa wa ranki."

"Ruɗewa?" Ta juyo, kumfa a hannunta. "Ai shi bai damu da kabarin ba tun yana da hankalinsa. Kowace Lahadi bayan coci mu je, ni in durƙusa in ajiye fure, shi ya tsaya can baya kamar baƙo, hula a hannu, yana kallon ƙasa. In ce Baba zo mana, ya ce je ki, ina nan. Ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa kusa da ni a gaban dutsen nan ba. Ko sau ɗaya. Na girma ina cewa bai so ta ba. Abin da ya hana ni zama a garin nan ke nan, in kuna son sani."

Famfo yana ta zuba.

"Can baya ina?" na tambaye ta.

"Oho. Cikin ciyawa. Babu komai a wurin."

"Wuri ɗaya kullum?"

Ta dubi kumfar da ke hannunta. Ta kashe famfon.

Hector ya miƙe, ya ɗauki hularsa ya fita. Na ɗauka fushi ya yi. Bayan rabin awa sai ga shi da kwalin takalma cike da hotuna. Kowane watan Agusta mukan yi addu'ar shekara a tsohuwar maƙabarta, kowane gida ya tsaya a gaban dutsensa, kuma tun zamanin da hoto ba shi da launi akwai mai hawa katanga ya ɗauka. Ya ture kwanonin miya ya shimfiɗa su. Saba'in da ɗaya. Tamanin da huɗu. Casa'in da tara. Mutane suna tsufa, yara suna zama iyaye, riguna suna canjawa. A kowanne ga Lachie shi kaɗai a filin da ke tsakanin layi na huɗu da na biyar, daidai saitin tagar rusasshen coci, kansa a sunkuye.

Sau nawa na ga hotunan nan? Ni na rubuta shekarun a bayansu. Kullum na ɗauka ya koma gefe ne don ya ba masu makoki wuri, irin na mai aikin maƙabarta.

"Wannan ba hujja ba ce," in ji Hector, muryarsa a dushe. "Mutum yana iya sabawa da wuri haka kawai."

Rhona ta ɗauki na saba'in da ɗaya. Tana ciki, 'yar yarinya mai kitso biyu a durƙushe, ta juyo da kai tana kallon baya.

"A gwada," ta ce. "In babu komai, layi na huɗu."

Ranar Litinin da safe Struan ya zo da ƙaramar motar haƙarsa, ya ji bayani, ya sosa ƙeya.

"Anti Ishbel, nan ai inda nake juya injin ciyawa ne."

"Soka sandarka dai."

Yana da doguwar sandar ƙarfe da suke sokawa su ji ko an taɓa haƙa ƙasa. Hector ya tsaya da hoto a hannu yana daidaita shi da tagar, hagu kaɗan, a'a ka wuce, dawo. Sukar farko ta ci dutse. Ta biyu ma. Na fara tunanin yadda zan haɗa ido da Rhona har ƙarshen rayuwata. A ta uku sandar ta shige sumul har kusan hannunsa, ta tsaya da wani sauti marar ƙara. Struan ya dube mu. Ya kashe motar ya ɗauko shebur.

A Kilrennan ba ka iya shanya riga ba a sani ba, balle haƙa rami inda babu dutse. Kafin ya kai ƙugu mutane sun jeru a jikin katanga. Babu mai tambaya, kallo kawai suke. Rhona tana tsaye a bakin ramin, hannuwanta cikin aljihu, ni kuma ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba. In babu kowa, na tozarta mamaci da 'yarsa. In wani ne daban, mun tone bawan Allah a banza. In kuwa Effie ce, to duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Struan ya ajiye shebur ya durƙusa, ya ci gaba da hannu. Ba ma rubutu a dutse, amma mai yin akwatin gawa yakan manna ɗan faranti na ƙarfe a murfi. Ya goge shi da babban yatsa, ya tofa yawu ya sake gogewa.

"Tsatsa ta cinye rabi," ya ce. "Akwai E, U, P, H. Sai sittin da shida."

Euphemia, cikakken sunan Effie, da babu wanda ya taɓa kiranta da shi sai fasto ranar aurenta.

Rhona ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da rigarta mai kyau. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta ce, "Ina nan, ya ce. Je ki, ina nan." Ta yi ta maimaitawa.

Daga katanga tsohuwa Mairead Sinclair ta ɗaga murya, ita da kunnenta ya yi nauyi ba ta san tana ihu ba.

"Ishbel! In Effie tana nan, wa ke ƙarƙashin dutsenta?"

Ta sake ɗaga murya.

"Ishbel! To Duncan nawa fa? Wajen wa aka sa shi?"

Duncan yayanta ne, yana cikin goma sha ɗayan. Na dubi Hector, ya naɗe taswirarsa ya cusa a cikin kwat. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan dai ya yi shekara arba'in da bakwai, kuma ni na kai shebur ƙarshensa.

Ranar Talata muka binne shi. Cocin ya cika, har da waɗanda na san sun kwana suna zaginsa. Igiya takwas ake sauke akwati da su, Rhona ta riƙe ta kai, ta ba ni ta ƙafa, Hector yana gefena. Muka sassauta a hankali har na ji nauyin ya bar hannuna. Na ce a raina, ga ka ga Effie, Baba Lachie, na fita. Ban san ko na yafe masa ba. Har yau ban sani ba.

Bisa al'ada, in an gama addu'a kowa yakan wuce wajen dutsen gidansu ya ɗan tsaya kafin a tafi shan shayi. Ni ma na zo da furen mahaifiyata daga lambuna, kamar kullum. Fasto ya rufe littafinsa ya ce amin. Struan ya ja baya da sheburinsa yana jira a watse.

Babu wanda ya motsa. Duwatsun suna nan a layinsu shida, a miƙe tsaf, ciyawar tsakaninsu an yanke ta lumui. Mu kusan hamsin muka yi cirko-cirko, maza da huluna a hannu, kowa yana kallon ƙasan da ke gaban takalminsa. Mairead ta ɗaga sandarta za ta taka, ta daɗe da ita a sama tana neman inda za ta sa, sannan ta mai da ita daidai inda ta ɗauke ta. Yayyafi ya fara sauka, furen yana hannuna.